AMANAR ƊALIBI A WUYAN MALAMI: WA'AZI KAN HORAR DA MA'AIKATAN MAKARANTA SU GANE DAMUWAR SAMARI

Yabo da godiya na Allah ne, Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci jiki ya jarrabe shi da cuta kuma ya saukar masa da magani, ya halicci hankali ya sanya shi cikin abubuwan da shari'a ta zo domin ta tsare su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, mafi tausayin malamai, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi.

GABATARWA

Kai na rubuta wa wannan ɗan littafi, domin na san da yawanku malamai ne ko da ba ku ɗauki kanku malamai ba. Wani ya gama sakandare yana karantar da yara a Islamiyyar unguwa bayan La'asar. Wani yana bautar ƙasa, an tura shi makarantar kwana. Wani gardi ne a makarantar allo, malam ya ɗora shi a kan ƙanana. Wani ɗan agaji ne mai tsare ƙofa. Dukkanku an danƙa muku 'ya'yan mutane. To, ga tambaya: in damuwa ta kama ɗaya daga cikin yaran nan har ta zama masa cuta, za ka gane? In ka gane, ka san abin da za ka yi?

Bari in fara da laifina kafin in ambaci na kowa. Ina saurayi kamarka aka ba ni aji a wata Islamiyya. A cikin ajin akwai wani yaro ɗan shekara 14, shi ne gwani, hadda a bakinsa kamar ruwa. Ana nan sai ya fara canjawa. Ya daina wasa, ya koma ƙarshen benci yana kife kai, hadda ta fara zubewa. Ni kuwa na ce ai girman kai ne ya shige shi don ana yabonsa. Na zane shi da bulala. Washegari na ƙara. Bai yi kuka ba, wannan ya ƙara ba ni haushi. Bayan kamar wata biyu ya daina zuwa.

Sai tsohon da ke gadin makarantar ya kira ni gefe ya ce, "Malam, yaron nan da kake duka, ka kuwa san an saki uwarsa ta koma garinsu? Kullum kafin ku iso yakan zo ya zauna nan gindin bishiya yana hawaye. Da ya ji motsinku sai ya goge fuska." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na bi yaron har tasha inda na same shi cikin masu shaye-shaye, na ba shi haƙuri, amma bai dawo ba. Har yau ina neman gafarar Allah a kansa.

Ka duba da kyau. Ni mai littafi ban gani ba. Mai gadi ya gani, amma bai san wanda zai faɗa wa ba, kuma yana ganin matsayinsa bai kai ya yi wa malami gyara ba, sai da aikin gama ya gama. Cuta biyu ke nan a makaranta ɗaya, kuma duka biyun jahilci ne. Maganin jahilci kuwa koyo ne. Wannan shi ne dukkan abin da nake kiranka zuwa gare shi.

BABI NA FARKO: DAMUWA CUTA CE, BA ƘARANCIN IMANI BA CE

Za ka ji wani ya ce, "Haba Malam! Mumini yana damuwa? Ai rashin tawakkali ne." To, mu a wurinmu magana sai da hujja. Mu koma ga Littafi da Sunna.

A cikin Suratu Yusuf Allah ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu (A.S.), yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Annabi ne, ɗan Annabi, jikan Annabi. Wa zai ce imaninsa ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija (R.A.) da Abu Ɗalibi suka rasu, shekara ta goma bayan aike, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki, saboda abin da ya sami Manzon Allah (S.A.W.) a cikinta. Kuma Anas ɗan Malik (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki, kamar yadda yake neman tsari daga nauyin bashi. Abin da ba shi da illa ba a neman tsari daga gare shi.

Ga wata kuma. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa in an yi rasuwa a dangin Nana A'isha (R.A.), takan sa a dafa talbina, wato wani irin kunu na gari wanda ake sa wa madara ko zuma, ta ba masu makoki, tana mai kafa hujja da cewa Annabi ya ambaci tana sanyaya zuciyar majinyaci tana rage baƙin ciki. Ka ga ashe ba a ce wa mai baƙin ciki ya yi haƙuri kawai a tashi ba. An haɗa masa da sababi na zahiri wanda yake shiga ciki.

Magabatanmu sun fahimci haka. Abu Zaidin Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko hasarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum ba gaira ba dalili, wanda ya danganta shi da lalurar jiki ya ce yana bukatar magani. A shekarar 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, a cikinsa akwai sashe na masu taɓin hankali. To, mai cewa wannan ilimin Nasara ne, sai ya koma ya karanta tarihin kakanninsa.

Ba mu musun cewa zikiri da salla da karatun Alƙur'ani suna natsar da zuciya. Wannan gaskiya ce da babu kokwanto a cikinta. Amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a kuma yana zuwa wurin maɗori. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce, tana ciwo kamar yadda ƙafa ke ciwo.

BABI NA BIYU: GIRMAN AL'AMARIN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. In ajinka yana da ɗalibai 70, ka yi lissafi da kanka. Ta kuma bayyana cewa kusan rabin waɗannan lalurori suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kuma mafi yawansu ba a gano su balle a yi magani. Kashe kai, Allah ya kiyashe mu, yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke rayukan matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya.

A nan gida kuma, binciken da aka yi kan shaye-shaye a Nijeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ba duk mai shaye-shaye ne ya fara don iskanci ba. Wani ya fara ne don ya samu barci, wani don ya manta abin da ke cinsa a gida.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, an sha ba da rahoto a 'yan shekarun nan cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. To, ka gaya mini, likita nawa zai zaga makarantun ƙauyukanmu? Wanda yake ganin yaro kullum, safe da yamma, shi ne malami. Shi ya san muryarsa, ya san rubutunsa, ya san abokansa. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma babu mai kallon fuskar ɗalibi kamar malaminsa.

BABI NA UKU: YADDA MAFI ALHERIN MALAMAI YA YI

Anas (R.A.) yana da ƙaramin ƙane ana yi masa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah (S.A.W.) ya shigo ya gan shi cikin baƙin ciki, ya tambayi abin da ya same shi, aka faɗa masa, sai ya kira shi da alkunyarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Subhanallah! Shugaban al'umma, mai jagorantar runduna, ya lura da fuskar ƙaramin yaro, kuma bai raina abin da ya dame shi ba. Kai fa? Ɗalibinka ya rasa uba, ka ko san sunan uban?

Imamu Ahmad ya ruwaito labarin wani saurayi da ya zo gaban Annabi yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa da tsawa. Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi kusa, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa, yana cewa a'a. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a, saurayin ya tashi ya rabu da abin. Da an kore shi da tsawa, ina zai nufa? Wannan saurayi ya faɗi abin da ke ransa ne domin ya san inda ya zo ba a wulaƙanta mai tambaya.

Mu'awiya ɗan Hakam (R.A.) ya yi magana cikin salla don bai san hukunci ba. Bayan an idar, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya shaida cewa bai taɓa ganin malamin da ya fi Annabi iya karantarwa ba, bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Anas ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa kyararsa ba.

Malamai sun bi wannan tafarki har suka mayar da shi fanni. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malaman yara, ya sanya wa duka iyaka, ya hana malami ya doki yaro don huce haushinsa. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da yaudara don tsoron hannun mai duka. Ka ga ashe koya wa malami yadda zai riƙe yaro ba sabon abu ba ne a Musulunci. Mu ne muka yi sakaci da shi.

BABI NA HUƊU: ƘOFOFI UKU DA MUKE TURA YARA

In yaro ya canja a wurinmu, ƙofa uku muka saba tura shi.

Ta farko bulala. Yaron da damuwa ta hana shi barci, ya zo aji yana gyangyaɗi, sai a sa shi tsallen kwaɗo. Wanda fargaba ta ɗaure masa harshe ya kasa biya karatu, sai a yi masa dariya. Ba muna cewa a bar yara babu ladabtarwa ba. Amma ladabi ana yi wa mai taurin kai ne. Dukan majinyaci zalunci ne, kuma zalunci duhu ne ranar Alƙiyama.

Ta biyu gidan boka da ɗan bori da mai duba. A ce an yi masa sammu, kishiyar uwa ce, ko malam wane ne ya jefe shi. A karɓe kuɗin iyaye, a sa su yanka baƙin bunsuru, a raba zumunta, yaro kuma yana nan da ciwonsa. Hadisi ya inganta a cikin Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Mun yi imani akwai aljanu, akwai sihiri, akwai kambun baka. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce muddin babu shirka a ciki. Amma wa ya ba ka ilimin gaibu da za ka yanke cewa duk yaron da ya yi shiru aljani ne? Ruƙiyya ba ta hana asibiti. Annabin da ya halatta ruƙiyya shi ne ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Ta uku gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu ɗaure da sarƙa, cikinsu har da ƙananan yara. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, don ba su san wata ƙofa ba. Abin takaici, da sunan addini aka yi. Addinin da ya ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, shi ne zai ce a ɗaure shi da sarƙa a riƙa duka? Allah ya tsarkaka daga wannan.

Da malaman makaranta sun san ƙofa ta huɗu, da yawa cikin yaran nan ba su kai can ba.

BABI NA BIYAR: ABIN DA AKE KOYA A WANNAN HORO

Imamul Bukhari ya ɗaura babi a Sahihinsa yana nuna ilimi shi ke gaba da magana da aiki. Kyakkyawar niyya ba ta isa. Mai tausayi marar sani yakan yi gyaran gangar auzinawa. 'Yan agajinmu suna koyon ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya suma, ba wanda ya ce sun zama likitoci. To, haka nan akwai taimakon farko na damuwa. A ƙasar Ostireliya aka fara tsara irin wannan kwas a shekarar 2000, ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin koya wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba yadda za su gane waɗannan lalurori, an kuma yi aiki da shi a Nijeriya. Hikima kayan mumini ce, inda ya same ta ya ɗauka. Ga ginshiƙan abin da ake koya:

1. Gane alama. Abin lura shi ne canji wanda ya daɗe, kamar mako biyu ko fiye. Mai surutu ya yi tsit. Mai ƙoƙari ya fara faɗuwa. Yaro ya ware kansa, ya daina cin abinci, ko barcinsa ya lalace. Yawan ciwon kai ko ciwon ciki wanda aka rasa dalilinsa. Kuma ka riƙe wannan: a wurin samari damuwa takan fito ne da siffar fushi da tsiwa da neman faɗa. Wanda kake kira fitinanne, wataƙila shi ya fi kowa bukatar a zauna da shi.

2. Iya tambaya. Ba a gaban aji ba, ba kana riƙe da bulala ba. Ka kira shi inda ana hangenku amma ba a jin ku. Ka faɗi abin da ka gani: "Na ga kwana biyu ba ka walwala, lafiya kuwa?" In ya ce ba komai, kada ka matsa, ka ce ƙofarka a buɗe take, ka sake waiwayarsa bayan kwana biyu.

3. Iya sauraro. Wannan ya fi wuya a kanmu masu wa'azi, domin bakinmu ya saba gaba da kunnenmu. Ka bar shi ya gama. Kada ka ce, "Wannan ne ma abin damuwar?" Kada ka ce, "Namiji ba ya kuka." Annabi ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Nasiha tana da lokacinta, bayan ya tabbata ka ji shi.

4. Riƙe amana da sanin iyakarta. Abin da yaro ya faɗa maka ba na hirar ɗakin malamai ba ne. Amma kada ka yi masa alkawarin ɓoye komai da komai. In rayuwarsa tana cikin haɗari, ko wani yana lalata da shi ko yana azabtar da shi, wajibi ne ka kai maganar ga wanda zai iya tsare shi, kuma ka sanar da yaron cewa za ka kai.

5. Gane gaggawa. Yaron da yake cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa yana bankwana, ko ka ga tabon yanka a hannunsa, kada ka ce wasa yake. Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, amma mai wannan magana ceto yake bukata kafin fatawa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma takan kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da iyaye, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda ya fara jin muryoyi, ko yana zargin kowa da nufin kashe shi. Mai farfaɗiya kuma a daina gudunsa. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Tana da magani, kuma mafi yawan masu sha a kan ƙa'ida sukan daina faɗuwa.

6. Sanin inda za a tura. Malami ba likita ba ne. Ba ya sanya wa cuta suna, ba ya rubuta magani. Kowace makaranta ta san asibitin da ya fi kusa da ita da ma'aikacin da za ta nema. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa masu wannan lalura suna da haƙƙi da mutunci.

7. Iya magana da iyaye. Kada ka je ka ce wa uba, "Ɗanka ya haukace." Zai rufe maka ƙofa. Ka gaishe shi da ladabi, ka fara da alherin yaron, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka nemi shawararsa, in da hali ka raka su asibiti.

Kuma a kiyaye iyakokin Allah. Ɗalibai mata malamai mata ne za su saurare su. Kada saurayi ya keɓe da budurwa da sunan ba da shawara, Shaiɗan ya samu ƙofa. Saboda haka wajibi ne a horar da malamai mata kamar yadda za a horar da maza.

BABI NA SHIDA: KADA A YI HORON GANIN IDO

Akwai darasi daga ƙasar Indiya. A jihar Bihar an gwada wani shiri a makarantun sakandare 75, aka wallafa sakamakon a 2018. A wasu makarantun an ɗauko mutum na musamman, ba likita ba, aka horar da shi, aikinsa ke nan kula da ɗalibai da gyara zamantakewar makaranta. A wasu kuma aka ɗora wa wani malamin makarantar aikin a kan aikinsa na aji. Inda aka ware mutum, alamun damuwa sun ragu, cin zali tsakanin ɗalibai ya ragu. Inda aka ɗora wa malami kawai, ba a ga canji ba.

Me wannan yake koya mana? Bita ta kwana ɗaya, a ci shinkafa, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, ba ta wadatar ba. Malamin da yake da ɗalibai ɗari da darasi shida a wuni, kuma albashinsa bai zo ba, ina zai samu lokacin sauraro? Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantunmu da kwamitocin ilimi:

A horar da kowa, tun daga hedimasta har mai gadi, da kuku, da mai kula da ɗakin kwana, da mai shara, domin su ke ganin yaro lokacin da ya cire fuskar da yake nuna wa malami. A ware mutum ɗaya namiji da ɗaya mace a kowace makaranta, a rage musu darasi ko a ɗauke su don wannan aiki kaɗai, kowa ya san su ake kai wa magana. A gayyato likita ko ma'aikacin jinya mai ilimin fannin ya yi horon, a haɗa shi da malamin Sunna, a riƙa maimaitawa kowane zango. A hana manyan ɗalibai cin zalin ƙanana. Kuma a dubi su malaman, domin malamin da damuwa ta cika shi a kan yara zai sauke ta.

In an ce babu kuɗi, sai mu ce: muna tara kuɗin lasifika da fenti da kyautar musabaƙa. Ran yaro ɗaya ya fi su. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada mu jira sai an ɗauko gawa daga ɗakin kwana sannan a kira taro.

KAMMALAWA

Ya kai ɗan'uwana, Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin kirki in tunkiya ta ware daga garke tana ɗingishi, yakan duba ƙafarta kafin ya ɗaga sanda. Ranar Alƙiyama za a tambaye ka izu nawa yaro ya haddace a hannunka, za a kuma tambaye ka hawayen da ya zubar saboda kai.

Kada ka jira kwamiti. Gobe in ka shiga aji, ka dubi fuskoki kafin ka buɗe littafi. Ka tuna wane ne ya canja. Ka gaida mai gadi, ka tambaye shi abin da yake gani. Ka kai wannan magana ga shugaban makarantarku, ka ce kai ne na farko da za ka zauna a koya maka.

In kuma kai ne kake ɗauke da wannan nauyi a ƙirji, kana karanta wannan kana cewa ai da ni ake, to, ka saurara. Ba munafunci ba ne ya same ka, kuma Allah bai yashe ka ba. Ka riƙe sallarka, ka faɗa wa wanda ka amince da shi yau ɗin nan, ka je ka ga likita. Neman magani sunna ne, babu kunya a ciki.

Ya Allah ka yaye wa samarin Musulmi damuwa da baƙin ciki. Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Ka gafarta mana abin da muka yi wa 'ya'yan mutane bisa jahilci. Ka sanya tausayi a zukatan malamanmu, ka ƙara musu ilimi mai amfani. Ka raya mu a kan Sunna, ka kashe mu a kanta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.